Ranar da Na Hana Baffa Tashin Baba

Ina aji biyar na sakandare aka yi wa Baba aikin zuciya. Jijiyoyin da ke kai mata jini ne suka toshe, sai aka ciro wata daga ƙafarsa aka yi wa jinin sabuwar hanya. Ni na raka Inna asibiti, don duk gidanmu na Gubuchi ni ce mai jin Turanci, kuma bakina ba ya mutuwa.

Bayan aikin aka kwantar da shi a ɗakin masu tsananin jinya, wayoyi a jikinsa sun fi na shagon mai caji yawa. Nas ta ja ni gefe. Ta ce da gangan suke sa masa maganin barci ta cikin ƙarin ruwa. Idan ya farka da wuri, zafin ciwo zai sa jininsa ya hau, zuciya ta kama gudu, sabon ɗinki kuwa ba zai ɗauka ba. A hankali za su rage maganin.

"Kada kowa ya tashe shi," in ji ta.

Da la'asar Baffa, yayan Baba, ya iso daga Maƙarfi. Aka bar shi ya shiga, ni a bayansa. Ya yi sallama, shiru. Ya yi sannu, shiru. Sai ya dubi agogo.

"Ya yi azahar?"

"Barci yake, Baffa. Magani ne."

"Barci? Tun yana ɗan shekara bakwai nake tashinsa salla, bai taɓa kwana da ita a kansa ba. Ko da da ido ne, sai ya yi ta."

Ya miƙa hannu zai girgiza kafaɗarsa.

Ni da nake durƙusa wa Baffa tun daga zaure, ban san sa'ad da na faɗa tsakaninsa da gadon ba. Na baje hannuwa.

"Wallahi sai dai ka girgiza ni."

"Ke! 'Yar nan, ni kike tsaya wa?"

"Likita ya ce a bar shi."

"Likitan ne zai amsa masa tambayar kabari?"

"A'a, Baffa. Amma in ɗinkin nan ya ɓalle, yau ɗin nan zai je amsa ta."

Ya zare mini ido, na ce shi ke nan, ni ma a tanadar mini gado. Sai ga nas da sauri. Baffa ya kakkaɓe babbar riga ya fice. Kafin ya kai tasha, na tabbata har awakin Maƙarfi sun ji ba ni da tarbiyya.

Washegari aka rage maganin. Baba ya buɗe ido, jininsa daidai. Da ya ɗan samu ƙarfi ya rama sallolinsa a kwance.

Da muka koma gida Inna ta tasa ni gaba zuwa wurin Baffa. Na durƙusa, na ba shi haƙurin ɗaga masa murya. Ya tsaya yana jiran sauran. Haƙurin tare shi da na yi dai ban bayar ba.