Uwar Kwalabe da Gizo-gizon Kan Tsauni

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin ajiyar ƙwari na jami'a, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan ba ta sauya ba. Ta rataye mayafi, ta sa farar riga, sannan ta bi kantoci tana duba kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Wadda ruwan sifirit ɗinta, mai hana ƙwarin ruɓewa, ya ja baya ta ƙara mata, wadda rubutunta ya dushe ta sake shi da fensir, domin ta ce tawada mayaudariya ce a cikin sifirit. Ma'aikata da ɗalibai duk Uwar Kwalabe suke ce mata. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba ta da digiri. Da wankin kwalba ta fara, har idonta ya buɗe. A yau idan an kawo gizo-gizo, ita ake miƙa wa ta sa a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma. Wanda ta fi ƙauna shi ne mafaraucin nan da masana ke yi wa laƙabi da kyarkeci, wanda ba ya saƙar tarko, da ƙafa yake bin abincinsa cikin ciyawa. Na sha jin tana koya wa ɗalibai:

"Ku fara da ido. Takwas ne, sahu uku: ƙanana huɗu a ƙasa, manya biyu a tsakiya, biyu a sama. Kun ga haka, kun san danginsa. Macen tana jan ƙunshin ƙwanta a baya, in sun ƙyanƙyashe ta goya su. Amma wane iri ne a cikin dangin, launi ba zai gaya muku ba. Sai kun juya macen, kun duba 'yar alama mai tauri da ke ƙasan cikinta. Kowane iri da tasa, kamar hatimi."

Tana da wata ɗabi'a da aka daɗe ana tsokanarta a kai. Duk abin da aka kamo, ba ta yarda a jefa shi duka a sifirit. Sai ta ware ɗaya da rai, ta sa a kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga, tana kama masa ƙuda. Shugaban sashen, wanda a hannunta ya koyi riƙe hantsaki yana ɗalibi, yakan leƙo ya ce, "Inna, yaya marayunki? Sun karya kuwa?"

Bara shugaban ya hau wani fili mai ciyawa a saman tsauni, ya dawo da gizo-gizon nan mafarauci guda shida, duk mata. Hatiminsu bai yi kama da na kowa a littattafai ba. Ya auna ƙafafu, ya zana, ya rubuta takarda cewa sabon iri ne. Wanda ya gano sabon iri shi ke raɗa masa suna, kuma sunan ya zauna har abada. A gaban ma'aikata ya faɗa cewa sunanta zai sa, kyautar sallama. Ta ji daɗi ƙwarai, ba ta ɓoye ba. Har jikokinta sun fara kiranta kakar gizo-gizo.

To, cikin shidan nan biyar ne suka shiga sifirit. Ta shida tana kan tagarta tana cin ƙuda. Ana saura kwana biyu a aika takardar ga mujallar masana, ta zo da safe ta tarar gizo-gizon ta yi saɓa, tsohuwar fatar na yashe a gefe. Ta juya ta a ƙarƙashin madubi, sai ga hatimi ya fito sosai, ya yi tauri, ya yi duhu. Ta san shi. Irinsa na nan a kanta ta huɗu, an sa masa suna tun ba a haife ta ba. Ashe 'yan mata aka kamo waɗanda ba su gama girma ba, rabin hatimi aka zana.

Babu wanda ya gani sai ita. Da ta saki gizo-gizon ta taga, da magana ta ƙare. Ta ce min ta zauna kamar minti goma, ranta ya sosu. Sannan ta ɗauki kwalbar ta nufi ofishinsa.

"Malam, dakatar da takardar nan. Zo ka ga abin da marainiyata ta zama."

Ya sa ta a ƙarƙashin madubi, ya duba hatimin da kyau. "Inna, kin san abin da kika yi wa kanki?"

"Na sani. In an buga, wani zai zo ya gano, ya ce ɗakinmu ba ya bambance yarinya da babba. Kuma da sunana a kai."

Ke ce kika sadaukar da suna don gaskiya ta zauna, Uwar Kwalabe. Ke ce mai haƙurin jiran saɓa, inda masu digiri suka yi gaggawa. Mun gode da shekara talatin da ɗaya, mun gode da minti goman nan. Allah ya sa ki huta lafiya, ya bar miki idonki.

Masu tasowa a kowane aiki, ku yi koyi da ita: ku duba, ku jira, ku faɗi abin da kuka gani ko da ku zai cuta. Ba a buga takardar ba, kuma babu gizo-gizon da zai amsa sunanta. Amma shugaban sashen ya kafa doka a ɗakin: duk abin da aka kamo, a bar ɗaya da rai. Yanzu da kansa yake kama ƙudan.