Farfelar Kyaftin Tanko

Duk wanda ya zauna a unguwar Mansur ta Makka ya san Kyaftin Tanko, Allah ya jiƙansa. Kullum da hantsi zai lashi yatsa ya ɗaga sama, ya girgiza kai ya ce, "Iska ba kyau, sai bukura." Haka muka tsufa muna jin bukura, wato gobe da Larabci.

Kyaftin ɗin ma mu muka laƙaba masa. Goge jirage kawai ya yi a filin jirgin saman Kano lokacin yaƙi, kafin ya biyo Sudan a ƙasa. Amma da ya ga wani tsohon jirgin koyon soja mai kujera biyu an yasar a Jidda, sai ya kwance shi, ya ɗoro wa raƙuma har tsakar gidansa. Wai da shi zai koma Kano ya ɗauko 'yarsa Habi, da ya bari tana rarrafe.

Fukafukan na ƙyalle ne, duk sun yage. Sai ya riƙa bin alhazai yana roƙon tsohon harami yana faci.

Na ce, "Kyaftin, wannan jirgi ne ko alhaji?"

Ya ce, "Sule, ya fi ka yawan hajji, kuma bai taɓa cutar baƙo ba."

Kai jama'a! Matarsa Ladi kuwa kuɓewa take shanyawa a kan fiffike, kaji na ƙwai a kujerar direba. Ya yi faɗa, ta ce, "Malam, bar su. Su ko katanga suna hayewa."

To, ga nawa laifin. Tsire nake sayarwa a Mina. Wata shekara itace ya yi wuya, ga farfelar jirgin nan ta katako, busasshiya, sai ƙyalli. Yana Harami sallar azahar na shiga na kwance ta. Na ce ai jirgin ba tashi zai yi ba. Na faskara ta da hannuna.

Ranar jifa ya zo rumfata. Na miƙa masa tsinke biyu. Ya ci, ya daɗe yana kallon wutar, inda wani guntu mai jan fenti yake ci.

Ya ce, "Itacen nan mai kyau ne."

Ya tashi ya tafi. Daga ranar bai sake ambaton Kano ba, bai sake ambaton Habi ba. Mu duka mun san jirgin ba zai tashi ba. Ashe shi ma ya sani, farfelar ce kawai ke riƙe da shi.

Da ciwo ya kwantar da shi na je neman gafara. Na durƙusa, na buɗe baki, sai ya riga ni.

"Sule, naman nan naka, gishiri ya yi yawa."

Na yi dariya kamar wawa, na tashi na fito ban faɗa ba. Bayan kwana biyu muka kai shi makwancinsa.

Ya Allah, ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da 'yarsa inda ba nisa. Ni kuma ka sa ya yafe mini, don na kasa roƙo.