Injin Fakis da Dutsen Guga

Wata uku kwalin nan ya yi a kusurwar ofishinmu a unguwar Takur, ba wanda ya buɗe shi. Tun ana kewaye shi da girmamawa har masinja ya fara ɗora kwanon abincinsa a kai. Injin fakis ne a ciki, mai aikawa da karɓar takarda ta layin tarho, Alhaji ya sayo shi daga Kano. A shekarun nan Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ofisoshi da yawa gidajen haya ne da aka fitar da gadaje aka shigar da tebura. Namu na wata ƙungiyar manoma ne, Alhaji ne shugabanta, aikinmu nemo taki da iri mu raba wa mutanenmu na Jahun da ƙauyukan kewaye. Ni ce mai buga takardu a tafireta, kuma ni kaɗai ce mace a wurin.

Ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna. An ce gwaji nake, gwajin kuwa ya haura shekara ba wanda ya ƙara tayar da maganar. Babban akawunmu, wani dattijo mai tabarau a karan hanci, shi ke riƙe da fayil ɗina, kuma shi ya hana a taɓa kwalin, wai sai injiniya ya zo daga Kano. Ban gane inda ya dosa ba sai ranar da na ji shi da kunnena yana gaya wa Alhaji cewa ɗan ƙanwarsa ya kusa gama kwas, ya san kan injin, ya kuma iya tafireta, idan ya zo ai tebur ɗaya ya isa. Tebur ɗayan nan da yake faɗa nawa ne.

Na koma gida Yalwawa ran nan raina a ɓace. Mahaifina malamin allo ne, da ƙyar aka shawo kansa ya bar ni na fita aiki. 'Yan'uwansa sun yi ta sintiri a zaure suna cewa ofis ba wurin 'yar malamai ba ne, da ƙafarta za ta dawo. Ya saurare su, ya bar ni na tafi. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan, in shigo gida da jakata a hannu su ce ai sun faɗa. Na gwammace a kore ni a kan abin da na aikata da hannuna, da a ɗauke ni a hankali a ajiye waje kamar karyayyiyar kujera.

Wata ranar Talata babban akawu ya tafi Jahun da sassafe, Alhaji kuma ba ya shigowa sai bayan azahar. Na sauke kwanon masinja, na sa reza na tsaga bakin kwalin. Masinjan namu tsoho ne, tun kafin a haife ni yake kai wasiƙa a keke. Ya tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

"'Yar Malam, kin nemi izini kuwa?"

"Baba, wata uku ana jiran izini. Kama mini teburin can mu matso da shi."

Ya ce shi dai babu ruwansa, sannan ya jingine tsintsiyar ya kama teburin.

Ba zan yi ƙarya in ce na san abin da nake yi ba. Akwai ɗan littafi a cikin kwalin, Turancinsa ya fi ƙarfina, amma hotunansa ba su gagare ni ba. Ramuka biyu ne a bayan injin, iri ɗaya sak, ɗaya na wayar da ta fito daga bango, ɗaya na tarho. Na haɗa, na ɗaga kan tarhon, shiru. Na musanya su, sai ga ƙarar layi a kunnena. Filoginsa ya ƙi shiga soket ɗinmu, na zare adaftar da ke jikin firjin Alhaji, na ce ruwan sanyinsa ya yi haƙuri na yau. Wayar kuma na bi da ita ta jikin bango da ƙananan ƙusoshi, don na san halin ɓerayen gidan. Takardar injin ba irin tamu ba ce, naɗi ce guda, mai santsi da sheƙi. Wajen saka ta farcena ya karce ta ya bar baƙin layi, na duba, ban kawo komai a raina ba.

Haɗawa kaɗai ba za ta cece ni ba, sai an ga takarda ta fito. Akwai wadda ake jira daga kamfanin da muke sayen taki a Kano, mai nuna kasonmu na bana, ga damina ta kankama. Na buga musu waya. Wanda ya ɗauka ya ce ai makonni ke nan suna tambaya ko injinmu ya fara aiki. Na ce ya fara, a turo. Na ajiye kan wayar, ni da Baba masinja muka zuba wa injin ido. Tarho ya yi ƙara, injin ya amsa da wani irin kuka mai shiga kunne, sai ga takarda tana fitowa a hankali, layi bayan layi, da hatimi da sa hannu da komai. Baba ya yi salati. Ni kuwa daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Sai dai ta fito a nannaɗe kamar tabarma. Na miƙe ta, ta koma. Na danne ta da fayil, na ɗaga, ta sake komawa.

A gidanmu ba a miƙa wa babba takarda a haka. Na tashi na ga mahaifina ba ya ba kowa rubutu a lanƙwashe ko a yamutse, a wurinsa raini ne ga rubutun da wanda za a ba. Idan danshin damina ya sa takardun littattafansa sun kanannaɗe, Inna takan zuba garwashi a dutsen guga, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kansu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har su kwanta. Ni ma tun ina ƙarama nake taya ta. Saboda haka ko tsayawa tunani ban yi ba. Akwai mai wanki da guga a gindin dalbejiya a bayan ofis, na je na ce ya ara mini dutsensa na minti ɗaya. Na shimfiɗa takardar a teburinsa, na rufe ta da hankicina, na bi ta sau biyu a hankali yadda Inna ke yi.

Na ɗaga hankicin. Ta miƙe kam, sumul. Amma ta zama baƙa wuluk daga sama har ƙasa, ba harafi ɗaya da ya tsira. Mai guga ya leƙo ya ce, "Hajiya, wallahi dutsena ba ya zubar da toka." Na miƙa masa dutsensa. Daga baya ne na san injin ba tawada yake zubawa ba, zafi ne ke yin rubutu a kan takardar, ni kuma na ba ta zafi har ta ƙoshi.

Ina zagayowa na hangi motar Alhaji a ƙofa. Babban akawu ma ya dawo, yana tsaye a kan kwalin da ba komai a ciki, Baba masinja ya raɓe a bango. Jakata tana rataye a kafaɗata, da na so da na cusa takardar a ciki ba wanda zai sani. Na yi tunanin haka, sai na ji raina ya ƙi. Na shiga da sallama, na gaishe su, na ajiye takardar a tsakiyar tebur.

"Mene ne wannan?" in ji Alhaji.

"Takardar taki ce, ranka ya daɗe. Na yi mata guga."

Babban akawu ya cire tabarau ya mayar. "Guga? To ka ji, Alhaji. Abin da nake gudu ke nan. An ce a jira masu ilimin abin, ta je ta lalata kayan mutane, ta ƙona takardar kamfani. Ke, durƙusa ki ba Alhaji haƙuri, ki tattara naki ya naki."

Kunya ta kama ni, ba zan ɓoye ba, ji nake kamar in nutse. Amma fushina ya fi kunyar yawa. A gida ina durƙusa wa iyayena da duk wanda ya girme ni, kullum da safe kuma nakan rusuna in gaishe da shi kansa akawun. Ran nan kuwa gwiwata ta ƙi lanƙwasuwa.

"Malam, takarda na ƙona, kuma na amsa laifina. Inji kuwa lafiyarsa ƙalau, ni na haɗa shi, yana aiki. Idan ana shakka, ga shi nan, bismillah, a kira Kano a ce su sake turowa."

Akawun ya dubi injin, ya dubi maɓallansa, bai matsa ba. Alhaji ya ja kujera ya zauna, ya ce da ni, "To, kira."

Sau uku ina bugawa layi ya ƙi shiga. Fanka na ta juyi a sama, na sake bugawa. A na huɗu aka ɗauka. Na ce su yi haƙuri su sake turowa, mutumin ya tambayi abin da ya sami ta farko, na gaya masa gaskiya a gaban kowa. Dariyar da ya yi har Alhaji sai da ya jiyo ta daga inda yake zaune. Da takardar ta gama fitowa na yage ta, na miƙa wa Alhaji da hannu biyu a nannaɗenta.

"Haka take fitowa, ranka ya daɗe."

Ya danne sama da kofin shayi, ya riƙe ƙasa da yatsa, ya karanta har ƙarshe. Ya ce madalla, gobe a shirya mota a je ɗauko taki. Har na fara sauke numfashi, sai ya ƙara da cewa, "Idan ɗan'uwan nan na akawu ya zo, sai ki nuna masa yadda ake yi, 'yar Malam."

Nan ne na ji abin ya zo mini wuya. Wato duk wannan wahalar share fage na yi wa wani.

"Ranka ya daɗe, ba zan koya wa wanda zai tashe ni daga teburina ba. Shekara ta wuce ina gwaji. Idan ban ci ba a gaya mini yau, in ɗauki jakata. Idan na ci a ba ni takardata, sannan duk wanda aka kawo in koya masa."

Babban akawu ya ce, "Ka ji rashin kunya ko?" Alhaji bai dube shi ba. Ni ya daɗe yana kallo, ban kuma sunkuyar da kai ba.

"To wa zai buga takardar," in ji Alhaji, "ba ke ce mai bugawa ba?"

Na zauna a gaban tafireta, na sa farar takarda biyu da kabon a tsakani, na buga takardar tabbatar da ni a aiki da yatsuna, ba kuskure ko ɗaya. Alhaji ya karanta ya sa hannu. Saura hatimin ofis, shi kuwa a aljihun teburin babban akawu yake kwana. Ya daɗe yana laluben makulli kafin ya ciro shi, ya buga a gurguje ya turo mini takardar ba tare da ya ɗago ba. Na ɗaga ta na duba a hasken taga, na mayar gabansa, na ce, "Malam, bai fito sosai ba."

Ya jiƙa hatimin da tawada ya sake bugawa.