Ranar da Aka Rufe Fuskar Baba Emeka

Akwai wata Laraba da ta ƙi fita daga raina, duk da na daɗe ina liƙa takarda a bangon Kano har yawancin ranakun ban san inda suka shige ba. A kakar zaɓen 'yan majalisar jiha da ta wuce ne. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan kun ji ana cewa an taɓa karɓe mini bokiti, kowa da yadda yake ba da labarin. To ga yadda aka yi.

Bari in fara da tsarin aikin, saboda wanda bai sani ba. Ɗan takara bai san mai liƙi ba. Kodineta ya sani. Kodineta ya karɓo fosta daga maɗaba'a, ya kira ciyaman ɗinmu, ciyaman ya raba mana unguwanni. Ni Sabon Gari ake ba ni, daga bakin kasuwa har cikin layuka, don na san masu bango, su ma sun san ni. Kayan aiki bokiti ne da buroshi da tsani. Kullun da muke liƙi da shi kuwa na garin rogo ne, a dama da ruwan zafi. In ya yi kauri takarda ta zauna har damina. In ya tsinke, iska ta ɗauke ta kafin mako ya zagayo.

Muna da dokoki, ba wanda ya rubuta su. Ba a liƙi a bangon masallaci ko coci. Ba a rufe lambar gida. Akwai kuma wadda a Sabon Gari ta fi ƙarfi: ba a rufe fuskar mamaci. Ibo in mutuminsu ya rasu ba sa binne shi ran nan kamar mu. Gawa tana asibiti har dangi su haɗu, a shirya, a kai shi garinsu, wani lokaci a fi wata. A tsakanin nan sukan buga takarda da hotonsa da ranar zaman makoki, su liƙa a layi. Muddin ba a tafi da shi ba, takardar nan ba a taɓa ta. Fostar ɗan takara kuwa ka rufe ta wani yau, gobe a rufe taka, ba mai fushi.

A kakar nan aka fito da sabon salo. A da, hoto ne da suna da alamar jam'iyya, shi ke nan. Sai wani ya buga tarihinsa a ƙasan hoton, inda aka haife shi, makarantun da ya yi, alherin da ya yi wa jama'a. Sauran suka bi. Fosta ta koma kamar rabin ƙofa, ga nauyi, ga shan kullu.

Ni ban yi boko ba. Da hula da launi nake gane su. Mai karanta mini shi ne Baba Emeka, tsoho mai gyaran rediyo, rumfarsa tana jikin wani dogon bango a mahaɗar layi. A Sabon Gari aka haife shi. Yakan ce Hausarsa ta fi tawa, wai tawa har yanzu tana warin Barno. Duk sabuwar fostar da na ɗauko sai na tsaya a wurinsa.

"Bukar, kawo mu ga wa ka goyo yau."

Ya sa tabarau, ya shimfiɗa ta a kan benci.

"Injiniya. Ya ce an haife shi a Fagge, ya taso cikin wahala, har tallan rake ya yi. Ka taɓa ganinsa da rake?"

"Ban taɓa ba."

"Ni ma. Mahaifinsa dai na sani, tireloli gare shi har ba ya sanin direbobinsa."

Wata rana na kawo ta Barista. Baba ya yi ta jero sunayen makarantu, na Kaduna, na Legas, na ƙasar waje, har ya tsaya ya sha ruwa.

"Wannan yaushe ya samu lokacin kwana a Fagge?"

Ta uku ta wani Alhaji ce da ya ce ya haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse.

"Wannan kam gaskiya ya faɗa," in ji Baba. "Na ga rijiyar da idona. Ruwan ne ban gani ba."

Matarsa, Maman Ngozi, tana suyar ƙosai a tsallaken layin, daidai saitin rumfar. Daga can take jefo tata.

"Ku bar mutane su nemi zaɓensu. Kai da ko shugaban layi ba a taɓa zaɓenka ba!"

"Ban buga tarihina ba ne," in ji shi. "Ran da na buga za ki gani."

Zazzaɓi ya kwantar da ni a gida a Rijiyar Lemo 'yan kwanaki. Da na dawo na tarar da rumfa a rufe. Ashe Baba Emeka ya rasu, ciwon kwana biyu ya yi. Maman Ngozi ta kira ni ta miƙo mini takardar makokinsa a naɗe, ta ce an liƙa wasu a wajen coci da bakin kasuwa, amma wannan ni take so in liƙa, a saman bencinsa, inda za ta riƙa ganinsa in tana suya. Na liƙa. 'Yarsu Ngozi ta karanta mini abin da ke ciki. Gajere ne. Sunansa, garinsu, sana'arsa, matarsa, 'ya'ya da jikoki, sai ranar da za a tafi da shi. Ba abin da ban sani ba a ciki.

Ranar Larabar da hantsi Auwalu kodinetan Injiniya ya sauka daga adaidaita da dami-damin fosta. Saurayi ne, waya biyu a hannu, kullum a guje. Ya ce Injiniya zai shigo Sabon Gari da la'asar, a mahaɗar nan zai tsaya ya yi jawabi, da masu kyamara. Ana son dogon bangon nan daga farko har ƙarshe ya zama shi kaɗai.

Na dama kullu na fara. Na rufe Barista, na rufe mai rijiya, na rufe tallan maganin basir da na makarantar koyon ɗinki. Da na iso saman bencin na tsallake, na ci gaba. Kafin azahar bango ya cika da Injiniya, hula ruwan goro a jere, sai Baba Emeka a tsakiya da sanƙonsa.

Auwalu ya dawo ya tsaya.

"Baba Bukar, wannan fa?"

"Mamaci ne."

"Na gani. Ai ba zai yi ƙorafi ba."

"Ba a tafi da shi ba. Sai Juma'a ta sama."

"Baba, ka fahimce ni. Nan mai gida zai tsaya. Kyamara tana can. Yana jawabi, sanarwar mutuwa a bayan kansa? 'Yan adawa su samu hoton nan, kafin magariba ya zagaye wayoyin Kano. Ni za a kora."

Ba ƙarya ya yi ba, na sani. Na ce a matsar da wurin tsayuwar gaba kaɗan. Ya ce masu tsaro sun riga sun zaɓi wurin. Na ce a rataya ƙyalle a kai, in an tashi a cire. Ya ce iska ta ɗaga shi ana tsakiyar magana fa? Sai ya kira ciyaman ya miƙo mini wayar.

"Bukar, mene ne kuma?"

"Ranka ya daɗe, fuskar mamaci ce. Ka san doka."

"Na san doka tun kafin ka san bokiti. Amma mu ba mu da bango, Bukar. Aikin Injiniya shi ne babba a hannunmu bana. In yaron nan ya yi fushi ya kai wa wasu, ba kai kaɗai za ka zauna ba. Shafa kawai, Allah ya ga zuciyarka."

Na dubi tsallaken layi. Maman Ngozi ta daina suya, tana tsaye da cokali a hannu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hannuna ba zai yi ba."

Sai ya ce, "To ajiye bokitin. Kar ka zo rabon aiki sai na neme ka."

Na san abin da wannan yake nufi. Mai liƙi kakar zaɓe ce kakarsa. Abin da ka samu a nan shi za ka lallaɓa har wata ta zo. Na ajiye buroshin a bakin bokiti na koma gefe.

Auwalu ya naɗe hannun riga ya ɗauka. Bai iya ba. Maimakon ya shafa a bayan fostar, sai ya lafta kullun a kan fuskar Baba, ya ƙara, ya ƙara, yana zuba har kan benci. Ya manna, ya bi da tafin hannu. Masu shagunan layin suka fara fitowa. Wani mai sayar da batir, ƙato, ya taho yana magana da yarensu, murya a sama. Samarin da Auwalu ya zo da su suka matso. Na taɓa ganin yadda irin wannan take farawa a unguwar nan, ba na so in sake gani.

Maman Ngozi ta tsallako. Ba ta dubi Auwalu ba. Mutanenta ta duba, ta yi musu magana da Hausa don kowa ya ji.

"Ku koma shagunanku. Yana raye ba a yi faɗa a kansa ba, ba za a yi a kan takardarsa ba. Ku koma, na ce."

Suka koma, ba da son ransu ba. Ita ma ta koma ta zauna. Man ya ƙone a kasko, ba ta kula ba.

La'asar ta yi, ta wuce. Aka jera kujeru, aka kunna lasifika, aka kashe. Dab da magariba ayarin ya shigo. An makara, in ji su, akwai wani taron a gaba. Injiniya ya leƙo ta saman mota ya ɗaga hannu biyu, motar ba ta tsaya ba. Masu kyamara suna bayan wata motar, jama'a suke ɗauka. Ba wanda ya waiwayi bangon.

Washegari da safe na dawo da ruwa a jarka da soso. Ba wanda ya aike ni, ba ni da wani aikin kuma. Cire takarda daga kan takarda ba a yi masa gaggawa. A jiƙa, a jira, a ɗaga kusurwa kaɗan, in ta ƙi a sake jiƙawa. Kullun da Auwalu ya lafta ya bushe kamar siminti. Maman Ngozi ta riƙe mini tsani.

Fostar ta ɗagu a hankali. Rubutun ƙasa ya tafi da ita, sunayen jikoki da ranar tafiya duk sun yage. Fuskar ta fito. Amma takardar Injiniya mai araha ce, da ta sha ruwa sai launi ya ratsa. Ruwan goron hular nan ya zauna daidai kan sanƙon Baba, har da karinta.

Maman Ngozi ta daɗe tana kallo.

"Oho," ta ce. "Duk rayuwarsa yana zaginsu. Sai da ya mutu suka sa masa hula."

Ta fara dariya, dariyar ta juye, ta sa bakin zani ta rufe fuska. Na sauko daga tsanin na tsaya. Da ta natsu na ce ko in cire duka, a nemo wata daga wajen coci.

"Bar shi, Malam Bukar. Idonsa yana nan. Kwana nawa ya rage?"

Haka ya zauna har Juma'ar. Na je na tsaya a bakin layi da aka fito da akwatin, motar ta kama hanyar kudu.

Ciyaman bai neme ni ba har aka gama zaɓe. Na koma kasuwa ina tura baro, da shekaruna, ina jin gwiwoyina suna ƙara. Abokan aiki wasu suka ce na kyauta, wasu suka ce taurin kai ne na Barebari, na kusa jawo wa kowa asara. Ban yi musu da kowa ba. Injiniya ya ci. Bai san an yi ba, ba na jin zai taɓa sani. Auwalu na gan shi bayan nan a bakin kasuwa, ya gaishe ni da ladabi, ya ce shi ma ba a ba shi komai ba, yana neman aiki. Ban riƙe shi ba. An sa shi ne, kamar yadda aka sa ni.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kafin ka ɗora buroshi, duba wanda yake ƙasa, ka waiwaya ka ga ko akwai mai zaune yana kallonsa. In ka ga ba za ka iya ba, kar ka ɗauka ƙin da ka yi zai hana a rufe. Za a rufe, akwai wani hannun a bayanka. Naka hannun kawai za ka tsare, kuma za ka ji yunwa a kansa. Ku sani tun yanzu, kar ranar ta zo ku ce ba a faɗa muku ba.