Shekarar Da Bakin Yaya Ya Rufe

A bazarar shekarar 1985, ranar da kamiyon sojoji, babbar motar kaya, ya kawo jar dawa ƙauyenmu da ke arewa da Mayahi, a ranar bakin mahaifiyata Rakiya ya rufe. Tun hantsi muke tsaye a layi a ƙofar gidan maigari, ita goye da ƙanena Illa, ni rungume da ƙwarya, yashi yana gasa mana tafin ƙafa. Wani soja dogo yana kai da komo da bulala a hannu. Bai daki kowa ba, amma ko tari ba wanda ya yi. Da layi ya zo kanmu, mai rabo ya tambayi sunan maigida. Mahaifiyata ta motsa leɓe, murya ta maƙale a bayan haƙora, ba a ji komai ba. Matan da ke bayanmu suka kwashe da dariya, sun ɗauka kunyar faɗin sunan miji ce ta kama ta har a gaban soja. Wata maƙwabciyarmu ta faɗi sunan, aka zuba mana awonmu. Ni da nake tsaye gefenta na ga abin da ba su gani ba: a gindin kunnenta, inda muƙamuƙi yake haɗuwa, naman wurin ya dunƙule ya yi tauri kamar ƙwallon goriba.

Ban tambaye ta ba, domin ni da ita ba ma irin wannan. Ni ce 'yarta ta fari, kuma a wajenmu uwa kunyar ɗan fari take yi. Ba ta kiran sunana, ba ta jawo ni jikinta, ba ta haɗa ido da ni. Sunana Habsu, amma a bakinta ni "yarinyar nan" ce, in kuwa ranta ya ɓaci, "waccan". Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba, Yaya nake ce mata kamar yadda ƙannen babana suke faɗa. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Iya, kakata ta wajen uba. Can nake kwana, can nake cin tuwo, ita ce mai yi mini kitso. In Yaya tana son in ɗebo ruwa, sai ta fuskanci danga ta ce, "Tulu dai ba ruwa," ni kuma in ɗauki tulu. Haka muka zauna gida ɗaya, ban ɗauka na rasa wani abu ba sai in na ga ƙawata kwance a jikin uwarta ana tsefe mata kai. Lokacin nan kam raina yakan sosu, ba zan ɓoye ba.

Damanar da ta wuce ta yi mana rowa. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya bushe a tsaye. Babana ya sayar da awaki, ya bar mana abin da ya rage a rumbu, ya bi sauran maza Najeriya cin rani. Can ma sojoji ke mulki kamar nan, iyaka kuma a rufe. Yau a ce ana korar baƙi, gobe a ce an ga wane a Katsina, nasa labarin kuwa ko na ƙarya bai zo ba. Aikin gida duka ya komo kan Yaya. Da asuba tana bakin rijiya, tana jan igiya har hannu ya yi kanta kafin guga ya fito da rabin ruwa rabin laka. Da hantsi mu shiga daji tsinkar 'ya'yan anza, a jiƙa su ana canza ruwa har ɗacin ya ragu su zama dilo, a ci da gishiri in akwai. Da rana ta zauna saƙar tabarmar kaba wadda ba mai saye. Lakwal ma, makarantarmu ta boko, ta zama wurin hamma. Mushe, malaminmu, yana rubutu a allo, mu mun kife kai a kan tebur, in an fita hutu ba mai ƙarfin gaɗa, sai 'yar carafke a inuwar gawo, ita ma ko dutse ya faɗi ba mai gardama. A duk wannan ban taɓa jin Yaya ta ce wayyo ba. Cije baki kawai take yi. In tana daka haƙora a cije, in tana jan ruwa a cije, in ta ɗan kishingiɗa da azahar sai ka ji suna gurzar juna kamar ana niƙa.

Iya ta san wannan ciwo, domin ita ce mai tausar fuska ta ƙauyenmu. Ba ta da laya, ba ta da saiwa, abin da ta mallaka tandun man shanu ne da tsumma da yatsunta. Macen da aka yi wa rasuwa, ko wadda mijinta ya daɗe a tafiya, ko wadda kai ya riƙe har ido yana ruwa, sai ta zo ta ɗora kai a cinyar Iya. Iya ta gasa fuskar da tsumma mai ɗumi, ta lakaci mai, ta fara daga goshi, ta gangaro gefen ido, ta bi kunci har gindin kunne, can take daɗewa. "Maganad da kunka haɗiye duk nan take taruwa," haka take ce musu. Ni ce mai riƙe tandu, kuma da yake ni sarkin shisshigi ce, in ba kowa sai in ce ta kwanta in yi mata. Takan bari tana zagina: "Ke, kirɓin hura kike? Sannu, jira nama shi ba ki hanya." Da wasa da zagi hannuna ya koya. Amma a shekarar nan yunwa da sanyin ƙashi sun lanƙwasa wa Iya yatsu, ko carbi da ƙyar take ja.

Bakin Yaya bai buɗe a ranar ba, bai buɗe washegari ba. Tsakanin haƙoranta ko bakin ludayi ba ya shiga. Ruwa take zuƙa ta gefe, da ɗan kunu in an tsinka shi sosai, dilo da tuwon jar dawa kuwa sai kallo. Iya ta duba ko ta taka ƙaya ko ƙarfe, ta taɓa wuyanta ta ji bai sandare ba, ta ce da sauƙi, ba mugun ciwon nan mai sandarar da jiki ba ne, gajiya ce da tunani. Amma sauƙin a baki ne kawai, don macen da ba ta ci, nononta ƙafewa yake. Illa yakan kama ya ja, ya ja, ya saki ya yi kuka, har muryar ta dishe, maɗigarsa ta faɗa ciki. A bazarar nan an riga an fitar da jarirai daga gidajen da muka sani, kowa ya san inda irin wannan kuka yake ƙarewa. Likita, wato asibiti, tana Mayahi, jakinmu kuwa ya mutu. Wanzamin gari ya zo da nasa taimako, ya cusa mata gindin cokali tsakanin haƙora ya danna, wai a ɓamɓare. Dasashi ya fashe da jini, bakin ya ƙara damƙewa, Iya ta raka shi da muciya har ƙofar gida. Ta dawo ƙarƙashin rumfa ta gwada da kanta, yatsun suka yi ta rawa a kuncin surukarta, ba su iya danna komai ba. Ta daɗe tana kallon hannuwanta, sannan ta juyo ta kalle ni.

"Habsu, tahi ki ɗauko tandu."

Yaya ta gane tun kafin in motsa. Ta girgiza kai, ta ja mayafi ta juya ta fuskanci danga. A ce 'yar fari ta tallabi fuskar uwarta, uwar tana kwance a cinyarta, wannan abin faɗi ne a bakin rijiya har shekara ta zagayo. Ta cikin haƙora na ji tana cewa, "Iya, ki yi mani rai. Ba ita ba. A kira wata."

"Wa za a kira?" in ji Iya. "Masu ƙarhi sun tahi Maraɗi neman abinci, saura tsohi irina. Rakiya, kunyag ga tarad da ita munka yi, ni ma na yi ta. Amma dubi yaron ga. Kunyar za ki matsa mashi shi sha?"

Illa yana kwance a tabarma tsakaninmu, sai baki yake buɗewa ba sauti. Yaya ta daɗe tana kallonsa ta ƙasan mayafi. Can ta yi nuni a rufe ƙofar gida da tufaniya. Ta cire kallabinta, ta ninke shi, ta ɗora a kan idanunta don kada mu haɗa ido, sa'an nan ta kwanta.

Nauyin kanta a cinyata ne ya fara ba ni mamaki. Ashe kan uwa yana da nauyi, yana da ɗumi. Man da ya rage ɗan kaɗan ne a gindin tandu, kuma Allah ya sani da na buɗe shi sai da yawuna ya tsinke, don na manta rabona da maiƙo. Na gasa mata fuska, na lakaci man, na fara daga goshi. Ban taɓa ganin fuskarta kusa haka ba, da zanen kumatunta, da wani ɗan tabo a haɓa, da 'yar furfura a gefen kai ga macen da ba ta tsufa ba. Da na isa gindin kunne na ji dunƙulen nan hagu da dama, na danna da ƙarfi don in gama da wuri, ta zabura. "Kada ki yi kokowa da shi," in ji Iya daga gindin turmi. "Aza yatsa ki jira." Na aza na jira. Na murza a hankali ina zagayawa, na gangaro ta ƙashin muƙamuƙi zuwa haɓa, na koma sama, na sake. Inuwar rumfa ta matsa ta bar mu, ƙafata ta yi sanyi, yatsuna suka yi tsami. Sai na ga kallabin ya jiƙe. Hawaye suna gangarowa suna shiga tsakanin yatsuna suna gauraya da mai, ba shessheƙa ba komai. Na so in tsaya, Iya ta yi mini alama da kai in ci gaba. A cikin kukan nan naman ya saki. Na ji ya yi laushi a ƙarƙashin yatsana, haɓarta ta ɗan sauka, ta ja dogon numfashi ta baki.

Bai buɗe duka ba, amma ludayi ya samu hanya. Iya ta dama kunun jar dawa mai kauri, Yaya ta tashi zaune ta yi ta sha tana dafe da kunci. Ni ina gefe ina goge hannu a zane, na sa rai. Na ce yau kam za ta juyo ta ce Habsu. Ta ajiye ƙwaryar da saura a ciki, ta fuskanci Iya ta ce, "Iya, ki ce ma yarinyan nan ta shanye." Na shanye, amma na ji haushi ƙwarai, har na zagaya bayan rumbu na yi nawa kukan. Kullum da la'asar muka ci gaba, kallabi a ido, tufaniya a rufe, har man ya ƙare muka koma ruwan ɗumi zalla. Sannu a hankali ta fara tauna dilo, nono ya dawo, Illa ya samu ƙarfin tsala ihun da ya hana mu sakat, muna ta gode wa Allah. Ruwa ya sauka a damanar nan. Babana ya dawo bayan noman fari, a rame, hannu wofi. Iya ba ta ga girbi ba.

Na yi aure a Tasawa, na haifi nawa. Yaya ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. Amma lokaci-lokaci, shekara da shekaru, sai saƙo ya zo ta bakin mai zuwa kasuwa, daga baya kuma ta wayar Illa: "Ta ce a hwaɗa ma yarinyan nan muƙamuƙinta ya motsa." In bar abin da nake yi in hau mota. In tarar ta shimfiɗa tabarma, ruwa yana kan wuta, kallabi a ninke. In aza yatsa a gindin kunnenta in ji wurin da laushi kamar na jariri, ba dunƙule ba komai, ga jan goro a haƙoranta. Ban taɓa nuna mata na gane ba, ita ma ba ta taɓa ɗage kallabin ba. Sai in yi ta murzawa har rana ta yi sanyi.

Yanzu 'yata ta fari tana faɗowa jikina a gaban kowa, ni ma in ƙwala mata kira har maƙwabta su ji, ba mai cewa uffan. Ta ce a Maraɗi akwai shagunan da ake yi wa mata tausar fuska da mayuka masu ƙamshi, za ta kai ni, don ta lura ni ma na fara cije baki in ina wanke-wanke. Na ce mata to, wata rana. Gajiyar kam akwai ta, ta shekaru ce. Illa ya zama magidanci, yakan kira ni mu gaisa, kuma har yau in na ga sunansa a waya sai idona ya kai inda nake ajiye man shanu. Saƙon nan dai ba ya zuwa kuma. Cinyata tana kewar nauyin kanta.