Kek ɗin Ritayar Baban Sito

A gidajen mutane, firiza wurin ajiye nama ne da ruwan sanyi. A gidan 'yar gwaggona kuwa ɗakin jira ne. A ciki kek yake zama har ango ya gama fentin ɗaki, ko mai jego ta ji ƙarfin jikinta, ko baƙon da aka ce yana hanya ya tuna cewa yana hanya.

Sana'arta ke nan, yin kek a gida. Ni na sa mata suna Uwar Bota, kuma sunan ya bi ta har 'ya'yanta da shi suke kwatancen gidansu. Ta fara ne da tukunya da yashi a ƙasanta, tun ba ta da abin gashi. Kek ɗinta na farko, ni ne shaida, da shi aka tokare ƙofar kicin har aka samo kafinta. Yanzu kuwa idan ta matso fure da kirim, sai ka kore ƙudan zuma kafin ka yanka.

Idan aka bugo mata waya cewa an ɗaga taro bayan ta gama ado, ba ta tsaki, ba ta ɗaga murya. Sai ta ce, "To, Allah ya kai mu," ta buɗe firiza. Da fari takan sa kek ɗin haka nan, ba leda ba kwali, har kirim ya yi tauri kamar sabulu, yadda ko ka dangwala yatsa ba zai lotsa ba. Na dangwala, na sani. Sannan ta nannaɗe shi da ledar nan mai mannewa, ta sa a kwali, ta naɗe kwalin shi ma. Kifi ba ya shiga firizar nan, albasa ko a mafarki. Ta ce bota munafuka ce, duk abin da ta ji a ciki sai ta faɗa wa baƙi. Idan aka ɗauke wuta kuwa, sai ta lulluɓe firizar da barguna ta hau kai ta zauna, kamar kaza a kan ƙwai. Mijinta, tela ne bawan Allah, tun yana tambaya har ya koma gaishe ta a can sama ya wuce shago.

Fitarwa ma da ƙa'idarta. Ta cire ledar tun kek yana da tauri don kada ta kwashe furanni, ta mai da shi kwali ta rufe, ya huce a firji a hankali. Wanda ya buɗe kwalin don leƙe, zufar sanyi za ta sauka a kan ado, launuka su bi juna da gudu. Doka ta ƙarshe kuwa ita ce babba: kek ɗin da ya narke ba ya komawa firiza. Kuma a tarihinta ba a taɓa zubar da kek ɗinta ba, ba a taɓa cewa ya kwana ba. Da wannan take taƙama, tunda ba ta da tsawo.

Ana nan sai wata sakatariya daga wani ofis ta zo da oda. Dattijon da ke riƙe da sitonsu zai yi ritaya, wanda kowa ke kira Baban Sito, ma'aikata suna so su sallame shi da kek. Uwar Bota ta zage. Ta yi kek mai hawa biyu, a samansa ta gina kujerar hutu ta sikari, da ɗan tabarau a hannun kujerar, da 'yar rediyo a gefe. A ƙasa ta rubuta: Baba, a huta lafiya. Ban taɓa ganin ta yi irinsa ba. Na roƙi ko eriyar rediyon ce, ta nuna mini ƙofa.

Ana gobe taro sakatariya ta bugo. Takardar ritaya ba ta sauko daga sama ba. Kek ya shiga firiza. Da takarda ta sauko, sai aka ce wanda zai karɓi sito bai iso ba. Kek ya gyara zama. Yaran gidan suka saba da shi har idan sun dawo makaranta sukan tambayi lafiyar Baba, suna nufin na cikin firiza.

Rannan sakatariya ta ce an tsai da rana.

"Kin tabbata?" in ji Uwar Bota. "Idan na fito da shi, ya fito ke nan."

"Wallahi, Anti, har kujeru an yi haya."

Ta fito da shi, ya huce. Da safe yana kan tebur cikin kwalinsa, sai wayar sakatariya. Ina wurin, don na ji labarin cewa ranar ake kankare kwanukan kirim. Sabon ma'aikacin ya iso, ya leƙa siton, ya nemi a canja masa wurin aiki. Baba zai ci gaba har a samo wani.

"Anti, ki ɗan mai da shi mana," in ji sakatariya.

"Ba ya komawa."

"Ko na ɗan lokaci?"

"Ba ya komawa," ta ce, ta kashe waya. Ta dubi kwalin. Sannan ta juyo gare ni. "Kai, Kwaɗayayye, gwangwanin nan naka yana tashi yau?"

"Motata ce gwangwani?"

"Ɗauko makulli. Idan ka faɗa rami, a ciki zan bar ka."

Na yi tafiyar da har mai tura baro ya wuce mu yana mana sannu. Ita tana baya, kwali a cinya, ko numfashi da awo take yi.

Siton yana ƙarshen wani dogon lungu, bayan tulin kujerun da suka karye. Ɗaki ne mai warin takarda, fanka tana juyi kamar an tilasta mata. Baban Sito na zaune, siriri, furfura fes, tarin makullai a ƙugunsa. Sakatariya ta biyo mu tana "Anti, Anti," ma'aikata na leƙowa daga ƙofofi. Uwar Bota ta ture wasu fayiloli, ta ajiye kwali, ta buɗe. Ko ɗigon zufa babu. Kujera na nan, tabarau na nan.

Baba ya karanta rubutun a hankali, ya ɗago.

"'Yata, ai ban tafi ba."

"Na sani, Baba. Kai za ka iya jira, shi ba zai iya ba."

Ta miƙa masa wuƙa, don har da ita ta zo. Ya dubi sakatariya, sakatariya ta dubi fanka. Ya yi bisimilla ya yanka.

Nan da nan lungu ya cika. Wani mai ƙaton tumbi daga sashen albashi ya ce tun ranar farko ya haddace jawabi, kuma yana gab da mantawa, don haka a bar shi ya yi. Ya yi. Ya ce za a yi kewar Baba, ba za a taɓa samun kamarsa ba. Masinja ya fashe da kuka da kek a bakinsa. Baba yana ta gyaɗa kai yana cewa amin.

Uwar Bota ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Bakin Baba take kallo. Ya kai loma, ya tauna, ya haɗiye, ya ƙara.

"Yau aka gasa wannan?"

Na buɗe baki zan ce kek ɗin ya kusa fara rarrafe, ta take mini ƙafa.

"Yaya ka ji shi, Baba?"

"Laushi kamar auduga. A ƙara mini na wajen furen nan."

Sai a lokacin ta sauke numfashin da ta riƙe tun daga gida.

Ba a gama suɗe faranti ba wata ma'aikaciya ta leƙo, ta ce ta yi haƙuri, amma takardar buga aiki ta ƙare a sama. Baba ya goge hannu, ya lalubo makulli, ya buɗe kabad.

Muna fita sakatariya ta sha gabanmu, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Anti, idan ritayar ta gaskiya ta zo fa, za mu so wani irinsa."

"Ba damuwa," in ji Uwar Bota. "Ranar da kika ga makullan nan a ƙugun wani, ki bugo mini. Sai na fasa ƙwai."