Kunnen Kawu Bala bai tsufa ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Bala, ƙanin mahaifiyata, mai injin niƙa a Karare. Kowace shekara nakan yi masa addu'a in ja bakina. Bana na gaji da shirun.

Kawu bai yi boko ba, amma daga Darini har Runka, in inji ya yi gardama shi ake ɗaukowa a babur. Sai ya dafa bakin sukudireba a jikin ƙarfen, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido, ya faɗa maka inda ciwon yake.

Ina shekarar ƙarshe a kwalejin fasaha na zo da aikin kammala karatu, wata 'yar na'urar auna girgiza da ba ta fi kwalin ashana ba. Ana manna ta a jikin inji, waya ta kai saƙo akwatin tattara bayanai, kwamfuta ta zana layi. Na manna ta a injin Kawu, sai layin ya kama tsalle ba kai ba gindi. A gaban matan da ke jiran niƙa na ce masa boris ɗin injin, ƙwallayen ƙarfen da sandarsa ke juyawa a kai, ya mutu.

Ya kara kunne, ya daɗe yana sauraro. "Ni dai ban ji komi ba, Injiniya," in ji shi. "Kashe injin mu gani. In layin naka bai bar rawa ba, to ba daga wurina ba ne."

Dariya na yi, na ce zamanin kunne ya wuce. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kamar in nutse.

Ya bi maganata. Ana gab da Sallah ya kwance injin, mata suka kwashi geronsu sai Batsari. Boris lafiya lau. Bai zarge ni ba, cewa ya yi lallai ciwon na wani lungu da shi ya kasa ji.

Rana ta uku, yana masallaci sallar azahar, na tada ƙaramin janaretan da ke ba kwamfutar wuta. Inji na warwatse a ƙasa, na'ura na kan benci, layi kuwa na ta tsallensa. Ashe wayar na'urar na haɗa da ta janareta na ɗaure tam da roba, irin ɗaurin kaya a bayan babur, don kada awaki su ja. Wutar janareta ce ke gurɓata saƙon. Na raba wayoyin taki biyu, layi ya kwanta. Na naɗe kayana, ya dawo, na yi masa sannu da zuwa, ban gaya masa abin da na gano ba.

Yau irin na'urar tana cikin kowace wayar hannu. Da yana nan, na san zai juya ta ya ce, "To, ita wa ke duba lafiyarta?" Ni kuma yanzu ɗalibai nake koyarwa, kuma kafin su zargi inji sai na sa sun kashe shi sun duba layin. Suna tsammanin dabarata ce.

Dabarar ta rayu, amma ga abin da na raba Kawu da shi. Shekara biyu ya ƙara a duniya, kuma Inna, mahaifiyata, ta ce duk wanda ya zo ɗaukarsa gyara, haƙuri yake ba shi: "Ku jira ɗan 'yar'uwata ya zo hutu, ni kunnena ya tsufa." Sau huɗu na zo hutun, muka ci tuwo kwano ɗaya, na kasa buɗe baki.

Mutanen Karare, kunnen Kawu Bala bai tsufa ba, ni ne na yi kuskure na ɓoye. Allah Ya jiƙansa. Ku kun ji yau, shi kuwa ya tafi bai ji ba.